Murɗin Farko

Ruwa ya janye da asuba a bayan hasumiyar Jamestown,
duwatsu suka fito jiƙe, fuska duk gansakuka.
Na durƙusa da guduma da ƙusa mai faɗin baki.

Nii Okai yana ɗinkin koma a gindin kwalekwalensa,
ya leƙo, ya ce da Hausarsa ta kasuwa:
"Fuseina, digiri biyu, kina tonon tsutsa?"
Na ce ba tsutsa ba ce.
Ya yi dariya har zaren ya kuɓuce masa.

Ban ga laifinsa ba.
Abin kamar taliyar da ta kama a gindin tukunya,
fari-fari, a cukurkuɗe, ba kai ba gindi.
Wani Bature ma, shekara ɗari da suka wuce,
ya jefa 'yar'uwarta kwalba, ya rubuta "tsutsa", ya tafi shan shayi.

A Legon, ƙarƙashin madubi mai mayar da ƙwayar yashi tsauni,
na fasa bakin bututun a hankali.
Ciki sumul, yana sheƙi kamar tangaran ɗin amarya.
Tsutsa ba ta shafe ɗakinta haka.
Ga murfi, ɗan ƙarami, ja-ja.
Ga haƙora jere kamar matsefi.
Na ci gaba da tono, kwana tara,
wutar lantarki ta ɗauke sau huɗu,
har na isa can ƙarƙashi, inda ta fara manne wa dutse.

A nan yake.
Murɗi biyu da rabi, bai kai ƙwayar gero ba,
tsaf, irin na kowace katantanwa.
Da shi ta zo, tana 'yar mitsitsiya, tana yawo a ruwa.
Da ta sami dutsen da ya yi mata,
sai ta zauna, ta warware,
ta bi duk inda sarari ya bari.

Na rubuta a littafi:
tsawo, milimita goma sha ɗaya;
launi, kunun gyaɗa da ya huce;
ci, tana jefa yauƙi kamar koma,
ta jawo, ta haɗiye kamun har da komar.
Na auna ta da duk danginta na cikin kundi.
Ba ta yi daidai da kowa ba.

Ni ma na san wannan teburin.
A ofishin katin shaida an taɓa juya ni haka.
"Ina aka haife ki?" Nima.
"Babanki fa?" Nima.
"A'a, asali muke nufi."
Suna tono, suna neman murɗina na farko.

Farfesa Lamptey ya ce, "Ke kika gano, ke za ki raɗa."
Ba rago, ba wanzami, ba goro.
Na ɗauki sunan Kaka Azumi,
na ɗaura masa wutsiyar Latin, ya zauna daram.

Ran Lahadi na kai mata hoton.
Tana bakin kwata, inda ta shekara arba'in da tukunya ɗaya,
tana zuba shinkafa da wake,
waken da ya warware a bakin mutanen Ankara
har suka ɗauka kalmarsu ce.
Ta goge hannu, ta kai hoton kusa da ido.

"Wannan tsutsar ce ni?"
Na ce, Kaka, ba tsutsa ba ce.
Na gaya mata batun dutsen, da komar, da zaman wuri ɗaya
ana jiran abin da ruwa zai kawo.

Ta yi shiru. Ta sake dubawa.
"To, ta san sana'a," in ji ta.
Ta soke hoton a bakin zane, kusa da kuɗin ciniki.
"Fifita min wutar nan, Fuseina, mutane na jira."